Kififfiyar Rijiyarmu

Ƙarfe huɗu da rabi na yammar wata Alhamis, ana fitowa daga sallar la'asar a masallacin bakin layi, duba-gari ya yi sallama a gidanmu na Kakuri. Na riƙe lokacin ne saboda na leƙa agogon bangon Baba ke nan, ina auna ko zan gama aikin makaranta kafin a kira ni ɗiban ruwa. Ina zaune a gindin mangwaro da littafi a cinya, ɗalibar sakandare wadda ko gaisuwarta sai an matso ake ji. Mutumin ya zagaya bayan gida, ya duba kwata, ya ɗaga murfin randa, sannan ya nufi rijiya ya haska tocila. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce, "Jama'a, mene ne wannan yake motsi a ciki?"

Kaka, mahaifiyar babana, tana tsintar acca a faifai. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Maigadi ce. Gaishe ta, ta riga ka sanin gidan nan."

"Mama, kififfiya ce fa, kunkurun ruwa. Ita kuke sha?"

"Ruwan muke sha, ɗana. Ita ba mu taɓa shan ta ba."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba da wasa ya zo ba. Bazara ce, amai da gudawa sun shigo unguwa, an binne yara a layin da ke bayanmu. Ya ce an kawo famfo bakin titi, saboda haka duk rijiyar da ke kusa da masai za a zuba mata magani a rufe ta da siminti. Ya ba mu zuwa Asabar, ranar tsaftar gari. Ya goge tocilarsa da gefen riga ya wuce gidan gaba. Kaka ta ci gaba da tsintar accarta, sai dai na lura tsakuwar take mayarwa cikin faifai, tana zubar da ƙwayar.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere suna fuskantar juna, rijiya a tsakiya. Yawancin mazan gidan a masaƙa suke aiki, har da Baba. Jiniyar masaƙa ce ke tashe mu, ita ce ke dawo mana da iyayenmu da auduga a gashin kai kamar sun tsufa a yini ɗaya. Tsakanin jiniya da jiniya akwai ƙarar kekuna, da usur ɗin jirgin ƙasa, da lugude daga gidan da ake biki, da ƙugin igiyar guga a bakin rijiya. Mu daga kudancin jihar muka fito, daga wani ƙauye mai duwatsu inda ake noman citta. Ina ƙarama aka ɗauko Kaka bayan rasuwar kakana, don babu mai duba ta a can. Mama takan ba da labarin ranar da ta sauko daga motar kasuwa da ƙullin tufafi a ka, da wata ƙwarya a hannu an rufe ta da ganye. Kowa ya ɗauka daddawa ce. Da aka buɗe sai ga 'yar kififfiya da ba ta fi tafin hannun yaro ba. Kaka ta ce a garinsu haka ake yi, ana saka ta a rijiya ta cinye ƙwari da tsutsa, ruwa ya zauna garau. Babu wanda ya yi gardama. Tun daga ranar, kowace safiya kafin a fara jan ruwa, Kaka takan jingina da bakin rijiya ta yi ta magana ƙasa-ƙasa da yaren garinsu, wanda ni ban iya ba sai gaisuwa. Da tsakar rana kuwa, lokacin da hasken rana ke faɗawa har ƙasan rijiyar na ɗan lokaci, takan zura wani ƙaramin kwando da gutsuren busasshen kifi. Maigadi ta hau ciki ta ci, ta miƙe wuya tana shan 'yar ranar da ta samu, sannan ta sulale.

Yaran yanzu za su ɗauka ƙari nake yi idan na ce a wancan zamani ba mu kaɗai muke zaune a Kakuri ba. A kan kowace katanga akwai jan gwada yana gyaɗa kai kamar ana yi masa bayani. Kulɓa na sheƙi a gindin randa. A shingen zogale na bayan gida ba a rasa hawainiya, tana ɗaga ƙafa tana tunani kafin ta ajiye, mu kuma muna gudu saboda an ce in ta ciji mutum ba ta saki sai an yi tsawa. Masu kiwon kaji suna kuka da guza, masu lambu a bakin kogi suna ba da labarin kadan da suka gani yana shanya a kan dutse, wasu su yarda wasu su ce kututture ne. Amma abin da ya fi zama a kunnena shi ne kwaɗi. Da ruwan farko ya sauka, kududdufan da aka haƙa wajen yin tubali suka cika, da magariba sai su fara. Ƙanana su soma da siririyar murya, burduddugi ya amsa daga can ƙasa kamar tsohon ganga, har sai mai magana ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Kaka takan ce, "Ga masu godiya nan sun fara. Mutum ne kawai ake yi wa ruwa ya ce ya jiƙa masa shanya." Da safe kuma mu tarar da ruwan ya yi baƙi da talibambam, ƙannena su kwaso a gwangwanin madara, Mama ta kore su su mayar. Ban taɓa zaton waɗannan abubuwa za su iya ƙarewa ba. Wa yake ajiyar kukan kwaɗo?

Da yammar Alhamis ɗin nan aka aika wa mai gidan, wani Alhaji dattijo mai sayar da atamfa a Makera. Ya zo bayan magariba, aka shimfiɗa masa tabarma, mazan gida suka kewaye shi. Da ya gama jin bayani sai ya girgiza kai ya ce, "To, ƙadangaren bakin tulu ke nan. Hukuma dai ba a ja da ita, rai kuma ba a wasa da shi."

Akwai wani ɗan haya abokin aikin Baba, wanda duk gidan muke ce wa Kawu, mutum ne da ba ya ganin abu mai motsi bai tuna tukunya ba. Ya ce, "Alhaji, ai ba matsala. A ba ni kwangilar. Ga citta a gidan nan, ga barkono. Farfesu ɗaya, an wuce wurin."

Kaka ta ce, "Ranar da ka sa ta a tukunya, ka sa ni a murfi."

"Haba Mama, sori. Wasa nake yi."

"Cikinka ba ya wasa."

Baba ya ce a fito da ita a kai ta rafi. Nan ne Kaka ta kafe. Ta ce wadda ta girma a rijiya ba ta san rafi ba, yara za su jefe ta ko guza ya cinye ta kafin ta gane gabas. Ta ce a bar ta a gidanta, magini ya bar 'yar kafa a jikin simintin, za ta riƙa zura mata abinci. Maganin kuwa, ai na ƙwayar cuta ne, ina ruwansa da mai ƙoƙon baya? Mazan suka dubi juna. Babu mai son jayayya da tsohuwa a kan kunkuru. Alhaji ya ce to shi ke nan, aka tashi.

Ni ina bakin ƙofa ina ji. Na san abin da ba a faɗa ba, ba don wayo ba, sai don a ɗakin karatu na makarantarmu akwai wani tsohon littafi na dabbobin ƙasarmu wanda babu mai ara sai ni. Ranar Juma'a na koma na sake karanta shafin, a hankali, kalma bayan kalma, kamar yadda nake yin komai. Kififfiya iska take shaƙa kamar mu. Tana bukatar rana don ƙoƙonta ya yi ƙwari. A tudu take haƙa rami ta yi ƙwai. Ruwan da aka zuba wa magani mai ƙarfi yana ƙona mata ido da fata. Na rufe littafin na zauna ina kallon bango. A karo na farko na yi tunanin shekarun da ta yi a ramin nan ita kaɗai, da hasken ranar da bai wuce tsawon cin tuwo ba.

Na samu Kaka da yamma tana gyaran kuka. Na durƙusa kusa da ita, na yi ta murza bakin zanena. Da ƙyar na ce, "Kaka, in aka zuba maganin za ta mutu. A littafi an ce…"

"Littafin ne ya raine ta ko ni?"

"Ke ce."

"To tashi ki kawo mini rariya."

Na tashi na kawo. Kawu yana wanke kekensa, ya ji komai. Ya ce, "Ke ma ai kifin rijiya ce, 'yar boko. Daga ɗaki sai makaranta. Shi ya sa kike jin tausayin 'yar'uwarki." Aka yi dariya. Na shige ɗaki.

Ranar Asabar tun da sassafe gari ya ɗauki ƙarar tsintsiya da hayaƙin shara. Magini ya iso da buhun siminti da katako, yaran duba-gari suka ajiye bokitin farin magani mai warin da ke shiga har maƙogwaro. Alhaji ya zo da kansa don ya ga an yi. Kaka ta ƙi fitowa daga ɗaki. Har yau ban san abin da ya ɗaga ni ba. Na dai ga kaina na je na zauna a bakin rijiyar, na rungume guga.

Magini ya ce, "'Yan mata, a ba mu wuri."

Ban motsa ba. Baba ya daka mini tsawa daga ƙofa, Mama ta riƙe haɓa, don ba ta taɓa ganin na ƙi bin magana ba. Alhaji ya ɗaga musu hannu, ya matso, ya sunkuyo daidai fuskata. "'Yata, me kike so?"

Na ce, "Baba Alhaji, a jira azahar. Da tsakar rana take hawa kwando. In aka zuba yanzu, idonta ne zai fara ƙonewa, kuma ba ta da inda za ta gudu."

Ya ja carbinsa. Sannan ya juya wajen magini ya ce, "Je ka fara da gidan gaba. In duba-gari ya zo, ni zan yi masa bayani. An ce wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa, ni ba zan shiga saboda kunkuru ba." Ya taka har ƙofar ɗakin Kaka, ya tsaya daga waje ya ce, "Iya, jikarki ta yi magana. Amanar taki ce. In kin ce a rufe, a rufe."

Muka yi ta zama. Inuwar mangwaro ta yi ta janyewa har ta koma gindinta. Sai ga Kaka ta fito da ɗankwalinta na zuwa coci, kwando a hannu ɗaya, a ɗayan kuma tsohuwar ƙwaryar nan da ta zo da ita daga ƙauye, wadda ban san tana ajiye da ita ba. Ba ta dube ni ba. Ta sa kifi a kwando, ta zura igiya, ta fara maganar nan tata ƙasa-ƙasa. Duk gidan aka matso ana kallo, har Kawu. Can sai igiyar ta yi nauyi. Ta fara ja a hankali, hannu bayan hannu, ta ƙi kowa ya taya ta.

Ban taɓa ganin Maigadi a fili ba sai ranar. Bayanta ya yi kore da gansakuka, gefen ƙoƙonta ya yi fari-fari kuma yana lotsawa in an taɓa. Hasken ya yi mata yawa, ta runtse ido ta shige cikin ƙoƙonta. Kaka ta gwada sa ta a ƙwarya, ta ƙi shiga, ƙwaryar ta yi mata kaɗan nesa ba kusa ba. Ta tsaya tana kallon ƙwaryar tana kallon dabbar. Mama ce ta kawo daro, aka zuba ruwan rijiyar kaɗan, aka rufe da ganyen mangwaro.

Rafin da ke bayan layin dogo ya fi kusa, amma ko Kawu bai ambace shi ba. A lokacin yakan wayi gari shuɗi ya yini ja, gwargwadon atamfar da ake bugawa a masaƙu, ko kwaɗo ba ya kwana a cikinsa. Alhaji ne ya ce mu bi hanyar Gonin Gora, inda yake da 'yar gona, akwai rafi mai gurbin da ba ya ƙafewa ko da bazara. Ni da Kaka muka shiga bas, daro a cinyata. Kwandasta ya ɗaga ganye ya leƙa, ya ce, "Hajiya, wannan fasinja ma sai ta biya." Wata mata ta matsa tana cewa kada ta ciji ɗanta, wani ya tambaya ko ta sayarwa ce, yana da mai ciwon baya a gida. Kaka ta mayar da ganyen ta rufe daron.

Gonin Gora ta wancan lokaci 'yan rumfuna ne a bakin titi, masu sayar da doya da itace, bayansu kuwa gonaki da daji. Muka bi wata siririyar hanya har muka ji sanyin ruwa. Gurbi ne mai faɗi a ƙarƙashin itatuwa, da yashi a gefe ɗaya, da wani kututture rabi a ruwa. Muna isowa wasu abubuwa suka zame daga kansa suka faɗa ruwa, na gane 'yan'uwanta ne. Kaka ta durƙusa, ta ciro ta da hannu biyu ta ajiye a kan yashi. Maigadi ta daɗe ba ta motsa ba, har na fara jin tsoron ko Kaka ce mai gaskiya. Sannan kai ya leƙo. Ta buɗe ido ɗaya. Ta miƙa ƙafafu duka huɗu a cikin rana, ta zauna haka, kamar mai jiran a ja igiya hasken ya ɗauke. Da ta ga bai ɗauke ba sai ta ja jiki a karkace, ta taɓa ruwan da hanci, ta shige. Kumfa biyu suka taso, shi ke nan.

A hanyar dawowa na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, me ya sa tun farko kika ɗauko ta?" Na san amsar ƙwari da tsutsa, amma na ga yadda ta ajiye ta da hannu biyu a kan yashin, na san ba ita ba ce. Ta gyara ɗankwali ta ce rana na yi, mu yi sauri. Muka tarar an rufe rijiyar, simintin ko bushewa bai yi ba.

Shekaru sun yi nisa. Jiniya ta daɗe da yin shiru, masaƙun sun zama kango, a inda kekuna ke cika titi yanzu 'yan adaidaita sahu ne ke rububin fasinja. Kududdufan an cike su an yi shaguna. Kwanan baya na wuce ta Gonin Gora na nemi hanyar rafin nan, na yi ta zagaya cikin gidaje, na tarar da kwata mai ɗauke da leda. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne ruwan farkon bana. Na fito da kujera da magariba, jikata tana kusa da ni da waya a hannu, na ce mata ta saurara. Muka saurara. Janareta, da talabijin ɗin maƙwabta, da ruwa yana ɗiga daga kwano. Ta ce, "Kaka, me za mu ji?" Yanzu ina jin ana maganar kare namun daji a rediyo, ana lissafa giwa da zaki, kuma madalla. Amma waɗanda suka tafi daga unguwarmu ba a yi musu ko sallama ba. Ba wanda ya tashi da niyyar korar su. Kowa ɗaki ɗaya ya ƙara, kowa rami ɗaya ya cike, kowa magani kaɗan ya fesa. Da a kowace unguwa an bar gurbi ɗaya da yashinsa da inuwarsa, da yarinyar nan ba ta yi mini wannan tambaya ba.

A wancan lokacin, bayan mun dawo daga Gonin Gora, Kaka ta yi makonni ba ta yi mini maganar da ta wuce aike ba. Kowace safiya takan je ta tsaya a kan simintin, ta ɗan daɗe, sannan ta ɗauki bokiti ta aike ni layin famfo. Ruwan famfon ta ce warin asibiti yake yi. Na ɗauka ta yi fushi da ni ke nan har abada, kuma ban iya ba da haƙuri ba, don ban san ko laifi na yi ba. Sai ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da magariba gari ya yi sanyi, ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi suka ɓarke daga kowace kusurwa. Tana zaune a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗar iri, tsohuwar ƙwaryar a gabanta. Ta matsa gefe a kan tabarma, ta turo mini gyaɗa da ƙafa. Na zauna muka yi ta ɓara.

Can ta ce, "Rafin nan ya cika yanzu."

Na ce, "Ya cika, Kaka."

"Kin tambaye ni wata magana a hanya."

Na ci gaba da ɓara, ina tsoron kada in ɗago ta fasa. Ta jefa ƙwaya a ƙwarya, ta dubi wajen rijiyar da babu ita, ta ce, "Ranar da za a kawo ni birni na je rafin garinmu da ƙwaryar nan, in ɗebo ruwan da na sha tun ina yarinya. Sai na ga kafin mota ta kai titi zai zube. Shi ne na ɗauko wadda ta san ɗanɗanonsa, don in samu wanda zan riƙa tambaya ko ya tuna."